'Yar Akuyar Yalwa

Masu ba da labari sun ce, tun zamanin da tsuntsaye ba su riga sun gaji da halin ɗan Adam sun daina yi masa magana ba, an yi waɗansu yara mata biyu a garin Tudun Kanya, ɗaya Gwamma, ɗaya Yalwa. Shekarunsu goma-goma. Ƙawancensu irin wanda iyaye suka sa wa hannu ne: ran Sallah akushin tuwo zai fita daga gidan su Gwamma ya nufi gidan su Yalwa, ya dawo cike da waina. Kitsonsu iri ɗaya, ranar ƙunshinsu ɗaya. In an aiki ɗaya rijiya, tulu biyu za a ga sun dawo. Wurin wasansu kuwa gindin wata tsohuwar tsamiya ce a bayan gidan su Gwamma, inda suke carafke har a gaji da kiransu.

Da bazara ta kama, akuyar gidan su Yalwa ta haihu ta mutu, ta bar 'ya guda, baƙa mai farar ɗamara a ciki. Yaran suka sa mata suna Kyalla. Aka ba ta nono a ƙoƙo ta ƙi, aka ɗura mata ta shaƙe, manya suka ce a bar wahalar da kai, wannan ba mai rayuwa ba ce. Su kuwa yaran yini biyu suka yi tsugune a garke suna kallon 'yan awaki, har suka gano abin da manya ke gani kullum ba su lura ba. Ɗan akuya a duhun ƙarƙashin uwarsa yake tsotso, uwar kuma tana lasar gindin wutsiyarsa. Sai Yalwa ta lulluɓe kan Kyalla da bakin zanenta, ta tsoma yatsa a nono mai ɗumi ta sa mata a baki, Gwamma kuma ta tallafe ta tana sosa mata gindin wutsiya. Nan da nan wutsiya ta fara kaɗawa, Kyalla ta kama tsotso. Suka rantse ba za su gaya wa kowa wannan dabara ba, don yara in ba su da asiri sai sun ƙago wani.

Bayan mako biyu ƙyanda ta shigo gari, ta kama Yalwa. Al'adar garin ita ce, yaron da bai taɓa yin ta ba, ba ya taka gidan da ta sauka. Wanda ya riga ya yi kuwa sai ya shiga abinsa, tunda ba ta kama mutum sau biyu. Gwamma ba ta taɓa yi ba. Ta yi kuka, ta yi birgima, uwarta ta ce ko ƙofar gidan ta leƙa sai ta ɗaure ta a turke. Abin da aka yarda da shi kawai, aka kawo mata Kyalla ta riƙe. Ita kaɗai take ba ta nono, hannu ɗaya a ƙoƙo, ɗaya a wutsiya, rabin nonon a ƙasa yake ƙarewa, amma ta ƙi yarda kowa ya tsuguna a wurin Yalwa.

To, katanga ɗaya da gidan su Yalwa akwai wata yarinya Tasalla, 'yar wani maƙeri baƙo da suka zo garin bara. Shiru-shiru ce, ba ta da ƙawa. Takan tsaya daga nesa tana kallon su Gwamma suna carafke, ba a taɓa ce mata zo ba. Ita ta yi tata ƙyandar tun a garinsu. Saboda haka ita ce ta shiga ɗakin Yalwa, ta yi kwana shida tana mata fifita, tana jiƙa mata leɓe da ruwa. Ran na bakwai da hantsi Yalwa ta cika. Gwamma ba ta gan ta ba, ko a kwance, ko a likkafani.

Mutuwar ta yi mata ciwo ƙwarai, amma akwai abin da ya zo ya hau kan ciwon ya zauna, kuma ba zan ɓoye shi ba don yarinya ce. Kishi ne. A bakin rijiya ta ji mata suna sa wa Tasalla albarka, suna kiranta ƙawar marigayiya. Shekara bakwai Gwamma tana ƙawar Yalwa, wata ta zo ta karɓe sunan cikin kwana shida. Da aka yi sadakar bakwai kuma, Hansatu uwar Yalwa ta aiko aka karɓi Kyalla, ta ba Tasalla halak malak, ta ce ba ta da wani abin da za ta saka wa yarinyar nan da shi. Wanda baƙin ciki ya rufe wa ido bai san ƙafar da ya taka ba. Gwamma ta miƙa igiyar.

Kyalla kuwa ta ƙi shan nono a hannun Tasalla. Sau biyu Tasalla tana zuwa ƙofar gidan su Gwamma tana sallama, sau biyu Gwamma tana shigewa bayan rumbu. A ranta tana cewa, ai ita ce ƙawar marigayiya, sai ta je ta tambayi marigayiyar.

Ran kwana na uku da hantsi, Gwamma tana zaune a gindin tsamiya da duwatsun carafke a hannu, ba ta wasa da su, sai ta ji kaɗa fiffike a sama. Tsohuwar shamuwar da ke sheƙa a tsamiyar nan kowace damina ce ta dawo daga kudu. Ta sauka a reshe na ƙasa, ta kakkaɓe jiki, ta karkata kai ta dubi ƙasa da ido ɗaya.

Ta ce, "Sannu, jikata. Bara ku biyu na bari a nan. Ina mai wushiryar?"

Gwamma ta ɗaga kai ta dube ta. Da ƙyar ta ce, "Ta rasu, Kaka." Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka gaya mata. Shamuwa ba ta ce mata ta yi shiru ba. Ta bar ta sai da ta gaji don kanta, sa'an nan ta yi mata ta'aziyya, ta ce sabo ake yi wa kuka, kuma duk wanda ya saba da Yalwa yana da dalilin yin mai yawa. Amma ta ce ita ta daɗe tana kwana a kan gidajen mutane, ta san kukan rashi, ta kuma san wani kukan da ke ɓuya a bayansa, ga alama su biyu ne a muryar Gwamma. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, a gaya mata sauran.

Gwamma ta kwashe duka ta gaya mata, tun daga ƙyanda har maganar bakin rijiya, har igiyar da ta miƙa. Ta ƙarasa da cewa yau kwana uku ke nan Kyalla ba ta sha komai ba, kuma in ta mutu kowa zai san Tasalla ba ta iya ba, kowa zai san wace ce ƙawar Yalwa ta gaske.

Shamuwa ta ce, "Wato kina so gari ya san ke ce ƙawarta, shaidarki kuma gawar akuyarta. Wannan shi ne fushin kaza, huce kan dami. Ina jin tsoro kada abin da ya sami Dogara a kan amyoyin Cindo ya same ki."

Gwamma ta share hanci da bakin zane, ta ce, "Wane ne Dogara, Kaka? Me ya same shi?"

Shamuwa ta naɗe ƙafa ɗaya, kamar yadda takan yi in zance zai yi tsawo, ta ce:

Labarin Dogara da Amyoyin Cindo

A wani ƙauye can kudu, inda nakan ya da zango in sha ruwa, an yi wani mai zuma ana ce masa Cindo. Amya arba'in gare shi. Kin dai san amya, dogon kwandon ciyawar nan da ake shafe wa da kashin shanu a rataye a bishiya don ƙudan zuma su shiga. Kowa a ƙauyen yana rataye tasa, amma ta Cindo ba ta kwana uku a sama ba ta kama ba. Asirin a turare yake. Kafin a hau da amya akan turara cikinta da hayaƙi mai ƙamshi don ya kira zuma, shi kuwa Cindo haɗinsa iri bakwai ne, gadon kakansa. Mutum ɗaya tak ya koya wa, Dogara, abokinsa tun suna ɗakin kaciya.

Wata rana maciji ya sari Cindo a dawa. Ran nan Dogara ya tafi cin wata kasuwa mai nisa. Wanda ya tsinci Cindo wani baƙo ne mai suna Barmo, da ya zo cin rani bai koma ba. Barmo ya goyo shi tafiyar rabin yini, a bayansa ya cika, daidai ƙofar gari. Da aka share makoki, tsohon uban Cindo ya kira Barmo ya ce amyoyin nan arba'in ya ba shi.

Dogara ya dawo ya tarar da kabari, ya kuma tarar gari ba shi da zance sai na kirkin baƙo. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Kin san in an ɗebi zuma ƙudan kan watse, sai an sake turara amya suke dawowa. Da lokacin ya zo, Barmo ya je gidan Dogara har sau uku, ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ya ce shi bai san kan abin ba, a taimaka a koya masa. Ya ce ko su raba amyoyin biyu, ko ma Dogara ya karɓe su duka. Dogara ya ce shi bai san wani turare ba. Amyoyin ba su dame shi ba, abin da yake so ya ga baƙon nan ya ji kunya a gaban jama'a.

Dogara yana da wata gwaggo ana ce mata Shekara. Makauniya ce, amma ba abin da ke faruwa a gari ya wuce ta. Wata safiya ya shiga gaishe ta, ta ce wutarta ta mutu, ya ɗebo mata a maƙwabta. Ya kawo garwashi a kasko. Tana cikin hurawa ta ce, "Ɗan nan, na ji an ce ka haɗiye turaren Cindo. Ka san labarin 'ya'yan Tabawa da wutar uwarsu?" Ya ce bai sani ba. Ta ce to ya jawo kujera, ta fara:

Labarin Wutar Tabawa

A garin da aka haife ni an yi wata mai ƙosai, Tabawa. Shekara talatin wutar murhunta ba ta mutu ba. In ta gama aiki ta binne garwashi a toka, da safe ta tono shi da ransa. Duk unguwa wurinta ake ɗiban wuta. Da ta rasu ta bar 'ya'ya mata biyu, Kande babba da Uwani ƙarama, kowace a gidanta. Ran da aka kai ta, kowaccensu ta ɗebi garwashi daga murhun uwar ta tafi da shi, don a ce akwai wani abu na uwarsu da ya saura da rai.

Kande ta ce ita ce ta fari, ita ta fi kowa sanin Tabawa, wutar nan ba ta kowa da kowa ba ce. Yaran maƙwabta suka zo da kasko, ta kore su. Da ta ji mutane suna cewa wutar Tabawa tana gidan Uwani, abin ya ƙona mata rai, ta riƙa bin gida-gida tana cewa ta gasken tana wurinta. Wata rana za ta unguwa, don kada wani ya ɗiba a bayan idonta, sai ta juye garwashin a tukunya, ta kife murfi, ta liƙe bakin da yumɓu. Ta dawo ta ɓalle murfi ta tarar da gawayi, sanyi ƙalau.

Uwani kuwa duk wanda ya zo sai ta ba shi, har waɗanda ko gaisuwar mutuwa ba su zo ba. Kuma kowa ya tsuguna ɗiba sai ya bar mata wani labarin uwarta da ba ta sani ba. Wannan ta ce Tabawa ce ta yanke wa ɗanta cibi, waccan ta ce ita ta taɓa korar kura da ludayin ƙosai. Uwani ta yi kuka, ta yi dariya, ta ƙara itace a wuta.

Sai wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin girkin Uwani ya yi yoyo, wutarta ta mutu murus. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana kuka, tana cewa yau ta rasa uwarta gaba ɗaya. Can sai ga wata yarinya da kasko, ta ce innarta ta ce a kawo, wutar Tabawa ce, a nan gidan suka ɗiba. Kafin azahar kasko bakwai sun shigo gidan.

Kande kuwa kunya ta hana ta zuwa wurin ƙanwarta. Ta ƙyasta sabuwar wuta a ɓoye, tana gaya wa mutane ta uwarta ce. Har ta mutu tana girki da ita, ita kaɗai ta san ƙarya take yi.

Da Gwaggo Shekara ta kai nan, sai ta juya fuskarta wajen Dogara ta ce, "Wuta ba ta raguwa don an ɗiba, ɗan nan. Rufewa ke kashe ta. Tashi ka tafi wurin baƙon nan."

Gwamma ta katse shamuwa, ta ce, "Ya tafi, Kaka?"

Shamuwa ta ce, "Da ya tafi, ai da ba ni da labarin da zan ba ki." Ta sauya ƙafa ta ci gaba.

Dogara ya ce a ransa wannan tatsuniyar mata ce. Bai ce ba zai fito da turaren ba har abada, cewa ya yi bari shekara ɗaya ta wuce tukuna, gari ya ga amyoyin nan wayam, a san wane ne abokin Cindo. Shekara ta wuce, amya arba'in ko biyar ba su kama ba. Mutane kuwa ba wanda ya tuna da Dogara, tausayin Barmo suka riƙa ji. Abin ya ƙara ba shi haushi, ya ƙara wata shekarar. Gara ta ci wasu amyoyin, iska ta kayar da wasu, Barmo ya gaji ya naɗe tabarmarsa ya koma garinsu.

Sai Dogara ya ga fili ya zama nasa. Ya saƙa sababbin amyoyi, ya shimfiɗa buzu ya zauna haɗa turare. Ya ajiye kajiji, ya ajiye saiwar jema, ya ajiye ƙaron hano da kakin zuma da wasu biyu. Ya ƙirga, shida. Ya sake ƙirgawa, shida. Na bakwai ya ɓace masa. Shekara biyu bai haɗa ba, bai koya wa kowa ba, ko da bakinsa bai furta ba. Mutum ɗayan da zai tuna masa kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Ya turara da shidan, zuma ta ƙi shiga. Ya je kabarin Cindo ya tsuguna yana tambayarsa, wa zai amsa? Da na sani ƙeya ce. Ni da idona na gan shi bayan ya tsufa, yana bin dawa yana murza ganye yana shinshinawa, yara suna bin sa suna dariya.

Shamuwa ta sauke ƙafarta, ta dubi Gwamma ta ce, "Maciji sau ɗaya ya kashe Cindo. Na biyun abokinsa ne ya yi, wai don ya fi kowa ƙaunarsa."

Gwamma ta daɗe tana juya duwatsun hannunta. Labarin ya shige ta, amma kishi ba baƙon da ake sallama da hira ɗaya ba ne. Ta ce duk da haka ba a yi adalci ba. Ta ce ita ba da son ranta ta ƙi shiga ɗakin ba, hana ta aka yi, kuma ita ta raini Kyalla, aka zo aka zare igiyar daga hannunta aka ba wadda ko carafke ba ta taɓa yi da Yalwa ba.

Shamuwa ta ce ita ba ta ce an kyauta mata ba. An cuce ta, kuma Hansatu ta yi kuskure, irin wanda uwa kan yi in ta binne 'yarta. Amma ta ce turare sai da ya yi shekara biyu kafin ya ɓace, 'yar akuya kuwa kwana uku take da su. Ta ce ɗazu da ta biyo ta kan gidan maƙeri ta ga wata baƙar aba kwance a inuwar rumbu ta miƙe ƙafafu, da wata yarinya durƙushe a kanta da ƙoƙo tana kuka.

Gwamma ta ce, "Mun rantse ba za mu gaya wa kowa ba."

Shamuwa ta ce, "Da kuka yini biyu a garke kuna shaƙar warin awaki, don ku sami abin ɓoyewa kuka yi, ko don Kyalla ta rayu? Sa'an nan ki tuna, jikata, ba ke kaɗai kika ɗebo garwashi ba. Kwana shidan nan da kike kuka a kansu, a kaskon wa suke?"

Gwamma ta dubi hanyar gidan maƙeri. Ta ɗaure duwatsun a bakin zane ta miƙe. Tana tafiya tana jin haushi, don kada wani ya ce kishin ya sake ta. Da ta wuce rijiya sai ta ga ƙafarta ta fara gudu.

Ta yi sallama a gidan maƙeri ba ta jira amsa ba. Kyalla tana kwance yadda shamuwa ta faɗa, haƙarƙari duk a waje, ido rabi a rufe. Tasalla ta miƙe tsaye ta ja da baya kamar wadda aka kama da sata. Gwamma ko kallonta ba ta yi ba. Ta taɓa nonon ta ji sanyi, ta ce a ɗumama. Da aka kawo shi, ta gwada yadda take yi ita kaɗai, abin ya ƙi, don Kyalla ba ta iya tsayuwa sai an tallafe ta da hannu biyu. Ta sake ta, ta zube. Ta sake gwadawa, ta zube. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun ƙawar gaske ne.

Sai ta ce wa Tasalla, "Ke, zo ki tsuguna nan. Lulluɓe mata kai da bakin zanenki, kada ta ga haske. Tsoma yatsa ki sa mata a baki." Da Tasalla ta tsuguna, Gwamma ta ƙara da cewa, "Nan wurin Yalwa ne. Ki sani."

Tasalla ta ce ta sani, ta sha hango su daga nesa.

Gwamma ta tallafi cikin Kyalla a cinyarta tana sosa mata gindin wutsiya. Suka daɗe ba motsi, nono yana bin yatsa yana ɗiga ƙasa. Gwamma ta ji tsoro ya kama ta, ta tuna tsohon nan mai murza ganye. Can sai wutsiya ta motsa sau ɗaya. Ta sake motsawa. Tasalla ta ja numfashi ta ce ta kama, tana jin harshenta. Kyalla ta yi ta sha har ƙoƙon ya yi rabi.

Tambayar da ta daɗe tana cin Gwamma ita ce ta fito da kanta. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ta ambace ni?"

Tasalla ta sake tsoma yatsa a nono ta mayar bakin Kyalla. Sa'an nan ta ce, "Ƙyandar ta rufe mata ido tun kafin in shiga. Da ta ji motsina sai ta ce, Gwamma, kin zo? Na dubi Inna Hansatu, ta gyaɗa mini kai. Sai na ce na zo. Na riƙa magana ƙasa-ƙasa don kada ta gane." Ta goge ido da kafaɗa, don hannunta yana bakin Kyalla. "Kwana shida ina amsa sunanki. Ko sau ɗaya ba ta kira nawa ba. Ran ƙarshe ta ce, Gwamma, ki kula da Kyalla. Na ce to. Abin da na zo gaya miki ke nan har sau biyu."

Gwamma ta ɗago ta dube ta, karo na farko. Ashe yarinyar da take jin kamar ta shaƙe don kishi, ita ma kwana shida ta yi tana kishinta, tana kuma riƙe mata wurinta don kada Yalwa ta tafi tana zaton ƙawarta ba ta zo ba. Kunya ta rufe ta. Suka yi kukansu su biyu a kan 'yar akuya, ita kuwa tana ta tsotso ba ruwanta.

Da la'asar shamuwa tana gyaran sheƙa ta hango yara biyu sun nufo tsamiya, ɗaya rungume da Kyalla, ɗaya ɗauke da ƙoƙo. Gwamma ta tsaya a gindin bishiyar ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, kunne ya ji."

Shamuwa ta ce, "To, jiki ya tsira, har da na akuya." Ta karkata kai ta dubi baƙuwar da ido ɗaya, ta tambaya wace ce wannan.

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta saba ba a tambaya. Gwamma ta kwance duwatsun carafke daga bakin zanenta ta zuba su a ƙasa tsakaninsu.

Ta ce, "Sunanta Tasalla, Kaka." Ta juya ta sake faɗa, wannan karon da mai sunan take. "Tasalla, zauna. Ki ba ni kwana shidan nan tun daga farko, ni kuma in ba ki shekara bakwai."

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya ɗebi wani abu a cikinsa, kada ya kife masa murfi.